Yadda zaka ci yini guda a Delhi, kallo da safe, kasuwa da yamma

Yawancinmu da muke zuwa Delhi, babban birnin Indiya, ba yawo ne yake kai mu ba, ko jinya ce ko karatu ko saro kaya. Ni ma rakiyar yayana na yi zuwa asibiti, aka yi aiki lafiya, likita ya ce sai mun ƙara sati uku kafin ya yarda a hau jirgi, to a nan ne zaman ɗaki ya ishe ni na fara leƙa gari. Fitata ta farko asara ce tsagwaronta. Na tare wani mai adaidaita a bakin masauki na ce ya kai ni Lal Qila, tsohuwar fadar sarakuna mai jar ganuwa, muna cikin tafiya ya juyo yana kaɗa kai wai ai yau a rufe take ana biki, amma ya san wani waje da ya fi ta kyau. Wajen da ya fi ta kyau ɗin shagon darduma ne, daga shi sai na gwala-gwalai, daga nan sai wani shagon dardumar, kowanne aka zaunar da ni aka kawo shayi, ni kuma kunya ta hana ni tashi, har la'asar ban ga komai ba sai dardumomin da ko kuɗin rabin guda ba ni da shi. Ranar Laraba ce, babu wani biki. Kamasho yake karɓa a kan duk baƙon da ya sauke a ƙofar shago, ko ya saya ko bai saya ba.

To daga ranar na gane cewa yininka a Delhi kai zaka tsara abinka tun daga ɗaki, in ka bar wa direba ko wani mai fara'a da ya tare ka a hanya to ya tsara maka nasa. Ga yadda na koma yi, kuma haka na zaga da mutum uku bayan nan ba wanda ya yi kuka.

Fara da zaɓen rana, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Litinin kasuwannin Lajpat Nagar da Sarojini Nagar da Karol Bagh duk hutu suke yi. Lahadi kuma yawancin shagunan Chandni Chowk, babbar kasuwar tsohon gari, ne a kulle. Juma'a tana da daɗi in kana son ka yi sallah a Jama Masjid, babban masallacin tsohon gari, cikin dubban mutane, amma cunkoson zai cinye maka tsakiyar yinin. Saboda haka Talata, Laraba ko Alhamis, kuma ni Alhamis na fi so, zan faɗi dalili in mun kai yamma. Sai lokacin shekara: Mayu da Yuni zafi yana kai maki 45, ba wasa ba, daga Yuli zuwa Satumba damina ce, Nuwamba hayaƙi yake rufe garin har makogwaro ya riƙa ƙaiƙayi sai da takunkumi, Disamba da Janairu sanyi da hazo. Fabrairu da Maris su ne sarauta, sai Oktoba.

Abin da zaka fita da shi kaɗan ne. Takalmi mai sauƙin cirewa, don yau zaka cire shi sau biyar ko fi. Hoton fasfo da biza a waya da kuma a takarda. Hula a aljihu. Jakar goyo wadda babu komai a ciki, ka rataya ta a ƙirji in ka shiga cunkoso. Sai kuɗi, rufi, kuma ka nemi canji tun da dare, 'yan goma da ashirin da hamsin da ɗari, saboda in ka miƙa wa mai shayi ɗari biyar kallon da zai maka sai ka ji kunya. Su can kusan kowa da waya yake biya, har mai sayar da ayaba a kan baro yana da ɗan kwalinsa na QR, ana ce wa tsarin UPI, amma yawanci yana tafiya ne da asusun bankin can, don haka kai baƙo tsabar kuɗi ce gatanka. Abu biyu ka kiyaye wajen canji: tsofaffin takardun 500 da 1,000 an soke su tun Nuwamban 2016, takarda ce kawai yanzu, 'yar 2,000 kuma an janye ta daga hannun jama'a a 2023, kar ka yarda a haɗa maka da su. Takardar da ta yage ma kar ka karɓa, wahalar kashewa gare ta.

Abin hawa kuma metro, jirgin ƙasan cikin gari. Tun 2002 yake aiki, akwai sanyin AC, akwai tsafta, ana sanar da tasha da Hindi da Turanci, kuma babu ruwansa da gosulo. Kowane layi da launinsa, har a ƙasa an manna sawun ƙafa mai launin layin, bi kawai zaka yi. Wanda ya shafe mu yau shi ne layi mai launin shunayya, Violet suke ce masa, kuma wallahi kamar don baƙo aka shimfiɗa shi: tashar Lal Quila, ta Jama Masjid, Janpath, Khan Market, JLN Stadium, Lajpat Nagar har Nehru Place kasuwar kwamfuta duk a kansa suke jere. Ka sayi kati ka zuba masa kuɗi sau ɗaya ya fi maka bin layin tikiti kowace tasha. Ana binciken jiki da na jaka a ƙofa kamar filin jirgi, maza da layinsu mata da nasu, ba a cin abinci a ciki, sannan taragon farko na mata ne zalla. Hajiya in ke kaɗai ce ki nufi can kai tsaye, kai kuma malam kar ka yi gigin shiga, tara ake ci.

Ƙarfe bakwai da rabi ka kasance a tashar Jama Masjid. Na san da wuri ne, amma shagunan tsohon gari ba sa buɗewa sosai sai wajen sha ɗaya, to waɗannan awannin na safe su ne na kallo, rana ba ta yi zafi ba kuma 'yan damfara ba su gama karyawa ba. In kai mai cin nauyi ne da safe, shiga layin Matia Mahal da yake fuskantar ƙofa ta ɗaya ka nemi nihari, farfesun nama ne da ake barinsa a wuta dare guda, a zuba masa yankakkiyar citta da ɗanyen barkono da lemon tsami, ka ci da gurasa mai taushi da aka ciro daga tanderu a gabanka. In ba zaka iya ba, shayi da madara na rufi goma ko ashirin ya wadatar.

Masallacin kansa Sarki Shah Jahan ne ya gina shi, wanda ya gina Taj Mahal ɗin nan, an fara a 1650 aka gama a 1656, da jan dutse da farin marmara. Sai ka hau matakala talatin da wani abu kafin ka kai ƙofa, kana shiga sai harabar ta buɗe maka, fili ne da yake ɗaukar mutum 25,000, ga tafkin alwala a tsakiya ga tattabaru ɗaruruwa suna tsattsagar hatsin da ake watsa musu. Da safe dutsen da sanyi a tafin ƙafa, amma da rana ƙuna yake, shi ya sa zaka ga an shimfiɗa dogayen ƙyallaye ana bi ta kai. Takalminka ko ka riƙe a hannu ko ka bar wa mai gadi ka ba shi ɗan wani abu. Masu ɗaukar hoto ana karɓar musu kuɗin kyamara a ƙofa, mai shigowa sallah ba a karɓar masa komai, sallama da hula a kai suna rage dogon bayani. Akwai hasumiya biyu masu tsawon mita 40, ta kudu ana hawa da tikiti. Matakalar a matse take tana murɗawa, in wani yana saukowa sai kun manne da bango, kuma can sama wajen tsayawar bai fi tabarma biyu ba, amma daga nan zaka ga tsohon garin gaba ɗaya, rufin gidaje a cakuɗe, yara suna tashin balbela ta takarda, ga jar ganuwa a gefe. Mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ya haƙura, ba dole.

Wajen tara da rabi ka sauko ka nufi Lal Qila, da ƙafa minti goma sha biyar ne ko ka hau keken da mutum yake tuƙawa. Lal ja ke nan, Qila kuma ganuwa. Nan ce fadar da Shah Jahan ya tare a 1648 da ya ɗauko babban birninsa daga Agra ya dawo da shi Delhi, kuma daga saman ƙofarta ta Lahori firaministan Indiya yake jawabi duk 15 ga Agusta, ranar 'yancin kai. Tikitin baƙo daban da na ɗan ƙasa, su 'yan gomomi suke biya kai kuma wajen rufi 600, ranka zai ɗan sosu amma akwai riba ɗaya, layin baƙi gajere ne. Kana shiga zaka ratsa wata rufaffiyar kasuwa, Chatta Chowk, ka kalla kawai kar ka saya, duk abin da ke nan zaka same shi anjima a rabin kuɗin. Ka wuce Diwan-i-Aam inda sarki yake zaman fada da talakawa, ka ƙarasa Diwan-i-Khas na marmara inda karagar ɗawisu take kafin Nadir Shah na Farisa ya kwashe ta a 1739. Gaskiya in faɗa maka, daga waje ta fi kwarjini, ciki an yi mata ɓarna, bayan tawayen 1857 Turawan Ingila sun rushe gine-gine da yawa sun kafa barikin soja, ga su nan har yanzu. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka. Wasu suna cinye rabin yini a nan, ni ban ga dalili ba.

Kana fitowa ka tsallaka titi ka shiga Chandni Chowk, kuma a nan ne nake so ka rage sauri. 'Yar Shah Jahan, Jahanara, ita ta tsara kasuwar tun wajen 1650. Babban titin ya miƙe daga gaban ganuwa har masallacin Fatehpuri, kilomita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma tun 2021 an hana motoci bi da rana, sai ƙafa da keke. A kan wannan titi ɗaya zaka wuce wurin bautar mabiya addinin Jain mai asibitin tsuntsaye, da na Hindu, da Gurudwara Sis Ganj na mabiya Sikh inda ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, da coci, da masallatai, kowa yana harkarsa. Amma ainihin kasuwar ba a kan titin take ba, tana cikin lunguna, kowane lungu da sana'arsa, wasu faɗinsu bai wuce ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango ba, sama kuma wayoyin lantarki a cukurkuɗe kamar saƙar gizo, wani lokaci har da biri a kai. Ka riƙa jin ana ihu a bayanka ka matsa, ɗan dako ne da buhu a ka ko babur da ya ƙi yarda cewa nan ba hanya ba ce.

Lungun farko a hagu da ya cancanci lokacinka shi ne Dariba Kalan, na azurfa da turare. Akwai wani tsohon shagon turare a nan, Gulab Singh Johrimal, tun 1816 yake. Zaka zauna a ɗan benci, a ciro kwalba a ɗiga maka a bayan hannu da tsinken gilashi, wardi, yasmin, udu, miski. Kar ka yanke hukunci nan take, ka shafa biyu ko uku ka fita ka zaga minti ashirin, turaren kirki sai ya zauna a fata yake faɗin gaskiyarsa, na banza kuma kafin ka kai ƙarshen lungu ya gudu. Ka tambayi wanda ake kira mitti attar, a garin Kannauj ake yin sa da gasasshiyar ƙasa, ƙamshinsa sak ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Na sayi ƙaramar kwalba ɗaya, har yau ina jin haushin ban sayi uku ba. Daga Dariba zaka faɗa Kinari Bazaar, duniyar leshi da zare mai ƙyalli da duwatsun ado da bakin mayafi, in kina da biki a gaba ko kina ɗinki, Hajiya, a nan zaki manta da agogo. Katra Neel kuma na yadi ne, sai dai su da mita suke aunawa, mita ta fi yadi da kusan santimita tara, yadi biyar bai kai mita biyar ba, wajen huɗu da rabi da ɗan kai ne, ki yi lissafinki kafin a sa almakashi. Kuma ki kula da bakinki, in kika ce sari kike so kina nufin saro da yawa, zani mai mita biyar da rabi za a sauko miki da shi, don su shi suka sani da sari.

Can ƙarshen titin, bayan masallacin Fatehpuri, Khari Baoli ce, kasuwar kayan yaji da ake cewa babu kamarta a nahiyar Asiya. Tun kafin ka gan ta zaka fara atishawa, kowa ma yi yake, har 'yan dakon da suka shekara ashirin a wajen. Sunayen da zasu maka amfani: kanumfari laung, kirfa dalchini, kurkum haldi, hulba methi, habbatus sauda kalonji, yazawa kaju, zabibi kishmish, lalle mehndi, za'afaran kuma kesar. A nan ba a dogon ciniki, farashi a rubuce yake a kan buhu, kuma abu ɗaya zaka gan shi kala uku ko huɗu kowanne da kuɗinsa, to ka ɗiba ka murza ka sansana. Za'afaran ne ake yawan cuta a kansa. In ka ji shi da arha to ba shi ba ne. Na gaske in ka jefa zare biyu a ruwan ɗumi a hankali yake sakin ruwan ɗorawa kuma zaren yana nan da jansa, na jabu nan take yake rina ruwan ya koma fari. Ka ce a like maka komai a leda da inji, in ba haka ba duk kayan akwatinka sai sun yi warin kurkum. Kuma kar ka yi lodi, kilo biyu zuwa uku, ka tuna a bayanka zasu yini.

Azahar ka yi ta a Fatehpuri tunda ga ka a ƙofarsa, shiru gare shi ba kamar waje ba. Yawancin Musulmin can Hanafawa ne, la'asar ɗinsu tana yin latti fiye da yadda ka saba, kuma suna son a rufe kai a sallah, zaka ga kwandon hulunan roba a bakin ƙofa don wanda ya manta tasa. Abincin rana ka hau keke ka koma Matia Mahal. Karim's yana nan tun 1913 a wani ɗan lungu, kusa da shi akwai wasu gidajen abincin da yawa, duk na Musulmi ne, biryani da kabab da korma. A wasu unguwannin kuwa sai ka tambaya, don akwai yankan halal akwai wanda suke kira jhatka, na sara ɗaya, in ka rasa tabbas ka ci na ganye, Indiya ba a rasa shi. Kayan leda ma da alama, koren ɗigo babu nama a ciki. Ka ce musu "mirchi kam", wato a rage barkono, ko da yake ragewarsu sai ka yi gumi. Ruwa na gora kawai, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba, kuma akwai farashi a jikin duk abin da aka rufe a kamfani, an rubuta MRP, doka ta hana a sayar maka sama da shi. Ƙanƙara da yankakken kayan marmari na bakin titi ka kawar da kai, musamman in kai ne mai jinyar wani, ba a son majinyaci biyu.

Ƙarfe biyu da rabi ka koma tashar Jama Masjid, layin shunayya, ka sauka JLN Stadium ka ɗauki adaidaita zuwa kabarin Sarki Humayun. Ko ka kira ta Uber ko Ola ka huta da gardama, ko ku gama magana kafin ka ɗora ƙafa, ka nuna masa adadin a waya ya gani da idonsa. Wannan wajen in za a ce in zaɓi ɗaya a duk Delhi shi zan ɗauka. Matar sarkin, Bega Begum, ita ta sa aka gina shi wajen 1570, maginin daga Farisa ya zo, kuma daga irin wannan tsarin ne Taj Mahal ya samo asali shekaru sittin bayan nan, in ba zaka samu zuwa Agra inda Taj Mahal ɗin yake ba to ka ga kakansa. Lambu ne murabba'i da ƙananan magudanan ruwa suka raba, ga inuwa ga ciyawa, bayan hayaniyar safe sai ka ji kunnenka yana ƙara don shiru. A nan ne sarki na ƙarshe na daular Mughal, daular su Humayun da Shah Jahan, Bahadur Shah Zafar, ya ɓuya a 1857 kafin a kama shi a kai shi Rangoon. Ka samu gindin bishiya ka cire takalmi ka miƙe ƙafa rabin awa, kana buƙatarta. A irin wuraren nan ne za a riƙa zuwa ana roƙon a yi hoto da kai, wasu kuma kallo kawai har su juyo. Yawanci son sani ne, in ka ga dama ka tsaya in ba ka so ka ɗaga hannu ka ce "nahi", wato a'a. Akwai marasa kunya da zasu jefo kalma a kan baƙar fata, na ji da kunnena, ban tanka ba kuma ban ga abin da tankawar zata ƙara min ba.

Tsallaken titi unguwar Nizamuddin ce, inda hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya yake, wanda ya rasu a 1325, ita ma Jahanara mai Chandni Chowk a nan aka binne ta a wani kabari marar rufi, kuma babbar cibiyar 'yan Tablig tana cikin unguwar. Daren Alhamis ake cika ana baitocin qawwali, waƙoƙin bege na Sufaye, dalilin da ya sa na ce Alhamis ke nan. In wannan ba layinka ba ne wuce abinka, ka samu ƙarin awa a kasuwa. Qutub Minar kuwa, hasumiyar nan mai mita 72 da rabi da aka fara tun 1199, tana can kudu a layin rawaya, kar ka cusa ta yau, ita da India Gate ka ba su wata safiyar.

Yanzu sai sayayya ta gaske, daga biyar zuwa takwas da rabi, kuma kasuwa ɗaya zaka zaɓa, biyu in ka matsa. Lajpat Nagar ta fi kusa, tasha biyu daga JLN Stadium, nan ne gidan dogayen riguna da mayafai da takalma da jakunkuna da zannuwan gado, da yadin nan mai guda uku, riga da wando da mayafi, wanda ba a ɗinka ba. Masu lalle suna zaune a kan 'yan kujeru a tsakiyar kasuwa, minti ashirin sun zane hannu. Akwai 'yan Afghanistan da yawa a unguwar, gurasarsu da gasasshen namansu babu yaji sosai, abincin dare ya samu. Sarojini Nagar tasha uku ce daga nan a layin ruwan hoda, ita kuma rarar kayan da aka ɗinka don kai wa Turai ake zubarwa a tsibi, arha kamar banza, amma babu wajen gwaji kuma ba a dawo da kaya, ka ɗaga riga sama ka duba hammata da zif da tabo. Wanda ba ya son ciniki ya sauka Dilli Haat a tsakaninsu, ana biyan kuɗin shiga kaɗan, masu sana'ar hannu daga jihohi daban-daban suke karɓa-karɓa duk kwana 15, ko ya je Central Cottage Industries Emporium na gwamnati a Janpath inda farashi ɗaya ne. Dabarata ita ce in fara leƙa irin waɗannan in ga kuɗin abu na ainihi, sannan in shiga kasuwa da ido a buɗe.

Ciniki kuwa ba sai an koya maka ba, sai dai ka san kana shigowa an riga an ninka maka. A Sarojini da kasuwar titi ta Janpath in mai kaya ya ce dubu ka taya ɗari uku da hamsin, ku haɗu wajen ɗari biyar, in ya ƙi ka juya a hankali, sau da yawa kafin taku biyar zaka ji "bhaiya, bhaiya", wato ɗan'uwa. In bai kira ba to ka taya ƙasa da uwar kuɗi, shago na gaba ka ƙara. 'Yan kalmomin da muka tsinta a finafinai a nan suke biyan bashi: "kitne ka hai" nawa ne, "bahut mehnga" ya yi tsada, "kam karo" rage, "nahi chahiye" ba na so. A yarensu kalmar "sau" ɗari ce, hazaar dubu, dedh sau 150, dhai sau 250. Amma pachees 25 ne pachaas kuma 50, a bakin mai sauri kusan ɗaya suke, shi ya sa kalkuletar waya ta fi komai, ka rubuta ya rubuta. Kar ka taɓa shiga shago da wanda ya tsince ka a hanya, kamashonsa a cikin kuɗinka yake. Shawul ɗin da aka ce maka pashmina ne, wato ulun nan mai tsada na Kashmir, a rufi 500 ba ita ba ce, ka saya don ya maka kyau amma ka san abin da ka saya. Gwal kuma sai mai hatimin BIS, hukumar tabbatar da inganci ta can, da lambobi haɗe da haruffa guda shida a jiki, da rasit mai nauyi da karat a rubuce, kuma ba a gajiye da daddare ake sayensa ba, ka ware masa safiya a Karol Bagh. Duk abin da aka ce maka tsohon tarihi ne ya haura shekara 100, dokarsu ta hana fita da shi, ka bar musu kayansu.

Wajen tara ka kama hanya, metro yana aiki har wajen sha ɗaya amma da lodi a hannu gara ka kira mota ta waya, ka duba lambar motar ta yi daidai kafin ka shiga, direban zai tambaye ka wasu lambobi huɗu da suka fito a wayarka. Lambar gaggawa 112 ce. In ka isa ɗaki kafin ka kwanta ka zazzage komai a kan gado, ka haɗa rasit waje ɗaya, turare ka naɗe kowace kwalba da safa ka sa a akwatin da za a auna, ba jakar hannu ba. Masaukai da yawa suna da sikeli a wajen karɓar baƙi, ka ara ka ɗora tun yau. Ni sai daren tafiya na auna, akwatin da aka yarda min kilo 23 ya nuna 31, na zauna a ƙasa ƙarfe ɗayan dare ina zaɓe tsakanin zannuwan gado da buhun yazawa, ƙarshe yaron da yake mana shara ne ya tafi gida da zannuwa biyu.